Tafkin da Muka Kwashe a Germantown

A shekarar da ƙwarin nan masu jajayen idanu suka ɓullo daga ƙasa suka cika bishiyoyin jihar Maryland ta Amurka da kuka, har ba ka jin maganar na kusa da kai, a shekarar ne abin nan ya same ni. Na rantse da wanda raina yake hannunsa ban ƙara komai ba, kuma da rana tsaka aka yi, balle wani ya ce mafarki ne.

Lokacin ina aikin wanki a wani asibiti, mun bar gidan haya a Silver Spring mun samu ɗan gida a Germantown. A bayan gidan akwai tafkin wanka na siminti, gefe ɗaya iya ƙugu, ɗaya gefen ya shanye tsawon mutum. Ya daɗe ba a taɓa shi ba, ruwan ya yi kore shar, kwaɗi sun mayar da shi gida. Matata Rabi kuwa aikin gidan tsofaffi ya cinye mata baya, ba ta da buri sai ta samu lasisin renon yara a gida. Ta yi kwas, ta sayi ƙananan kujeru, wasu matan 'yan uwanmu har sun yi mata alkawarin kawo 'ya'yansu. Sai aka ce babu lasisi sai an yi wa tafkin rajista a ƙaramar hukuma, domin wanda ya gina shi bai taɓa sanar da kowa ba. Ni a lokacin ban yi nisa a ajin koyon Turanci na manya ba, 'yarmu Safiya ce ta karanta mana sharuɗɗan: a kewaye shi da shinge, ƙofa ta riƙa rufe kanta, sakata ta yi sama inda hannun yaro ba zai kai ba, sannan mai dubawa ya zo ya ga murfin magudanar da ke can ƙasa.

Duk wannan bai dame ni ba. Ni mutumin Yawuri ne, a bakin kogi na tashi, ruwa ba baƙona ba ne. Na kafa shinge da hannuna, na aro injin zuƙe ruwa a wurin abokina Bitrus, mutumin Jos da ke aikin jinya. Kafin in kunna injin na yi yadda ake yi a garinmu, don ba a kwashe tsohon ruwa ba a faɗa ba. Na tsaya a baki na yi sallama, na ce in akwai mai zama a nan ya yi haƙuri, za mu kwashe.

Rabi ta leƙo ta taga tana dariya, ta ce, "Baban Safiya, su ma an ba su biza ne?"

Na ce, "Ke dai yi ta dariya, sallama ba ta cin kuɗi."

Na zuƙe ruwan tas, na kwashe laka da shebur, na goge, rana ta yi ta dukan simintin har sai da ya zama ba ka iya taka shi ba takalmi.

Ranar da aka sa, mai dubawa ya iso bayan azahar, wani ƙaton baƙin Ba'amurke mai fara'a. Ya tura ƙofa ta rufe kanta, ya gwada tsawon sakata, ya ɗaga mini babban yatsa. Ya ce da Turanci, "Tunda ka kwashe, ka hutar da ni jiƙa wando." Muka yi dariya, ya sauka ta matakala ya nufi gefen mai zurfi inda murfin yake.

Jama'a, abin da na fara lura da shi, kukan ƙwarin nan ya ɗauke ɗif. Sai na ga tafiyar mutumin ta canja, yana jan ƙafa da ƙyar, ya ɗaga hannuwa sama kamar mai tsallaka rafi. Wandonsa na kaki ya soma yin duhu daga ƙasa, duhun yana hawa, gwiwa, cinya, ƙugu. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Kai ma kana gani?" Kafin in amsa santsi ya kwashe shi, ya zame zuwa can ƙasa, kuma wallahi bai faɗi kamar yadda ƙato yake faɗuwa ba, a hankali ya kwanta, rigarsa tana lilo, bakinsa a buɗe ba sauti.

Ban tsaya tunani ba, na yi bismillah na shiga. Sanyi ya kama idon sawuna, ya hau ƙirji, ya rufe kaina. Idona yana ganin busasshen siminti da inuwata a kai, amma hancina da kunnena sun cika, ga warin tsohuwar laka. Na riƙe numfashi, na zagaya ta bayansa, don mai nutsewa ba a tunkarar sa ta gaba, na damƙi wuyan rigarsa na ja. Ina ja sai na ji an riƙe takalmina na hagu, riƙo na hannu, ba na laka ba. Na zare ƙafata na bar takalmin.

Da muka fito kan ciyawa na ji muryar Rabi tana salati. Mu biyu sharkaf, ruwa yana zuba daga jikinmu. Mutumin ya durƙusa ya yi aman ruwa kore. Na leƙa tafkin, a bushe yake ƙayau, ko ɗigo babu, takalmin ma babu shi.

Ya daɗe a zaune, Rabi ta kawo masa tawul da shayi. Can ya ce, "Zan rubuta bai cika sharaɗi ba. Ka nemi izini ka cike shi da ƙasa. Kada ka tambaye ni komai." Ya shiga mota, ban sake ganin sa ba.

Na bi shawararsa, aka ba da izini, aka fasa simintin, aka zuba ƙasa, na shuka ciyawa. Daga nan hanyar lasisi ta buɗe, na ce wa Rabi ta koma ta nema. Ta ce, "Ɗan mutane amana ne. In ya faɗa ruwan da ba na gani, da me zan tsamo shi?" Ta koma aikinta na gidan tsofaffi, har yau tana can.

Ban san mene ne ba, ba kuma zan yi muku ƙarya in ce na sani ba. Na dai san a tsakiyar zafin bara, ana neman ruwan sama ba a samu, Bitrus ya ratsa ta inda tafkin yake a da zai ɗauko kujera, ya dawo yana tambaya wa ya bar famfo a buɗe, ƙafar wandonsa tana ɗiga.

Duk wanda zai sayi gida mai tsohon tafki a ƙasar nan, ya tambayi maƙwabta labarinsa tun kafin ya sa hannu, kuma kada ya bar mutum ya sauka ciki shi kaɗai, ko da ya gan shi a bushe.

Mu dai mun rasa tafki ɗaya, da sana'ar Rabi, da takalmi ƙafa ɗaya, da kunnena na hagu, wanda tun ranar ba na jin komai da shi sai motsin ruwa.