Asibiti da Otal Uwarsu Ɗaya

Shekara talatin Baba Ƙamus yana tura marasa lafiya a keke cikin asibiti, bakinsa bai taɓa hutawa ba. Sunan ya samo shi ne daga wani ƙamus na Turanci mara bango da ya tsinta a ƙarƙashin gado. Ba ma'anar kalma ce ta dame shi ba, danginta yake bi, kamar tsohuwa mai ƙididdige zuri'a: wace ce uwarta, su wa ta haifa.

Kana kwance ciki na murɗa maka, zai sunkuyo ya ce, "Ka san kalmar nas da kalmar ciyarwa a Turanci 'yan ɗaki ɗaya ne?" Wasu su yi tsaki, wasu su yi dariya har ɗinki ya motsa.

Abin haushi, mutumin da ke haɗa zumuncin kalmomi, shekara bakwai ke nan ba ya magana da ƙanensa. Ranar da ƙanen ya samu aikin karɓar baƙi a otal, Baba ya ce wannan ba aikin ɗan mutunci ba ne. Maganar tana cinsa a rai, amma girman kai ya hana shi takawa wurinsa.

Wata rana da hantsi yana jiran a fito da wani daga ɗakin hoto, ya buɗe ƙamus. Sai ga shi a rubuce ƙarara: asibiti da otal daga tsohuwar kalma ɗaya suka fito, mai nufin baƙo da mai masaukinsa. Murna ta kama shi kamar an yi masa haihuwa. Ya fice ƙofa, ya ƙetare titi uku har otal ɗin, bai lura yana tura keken babu kowa a ciki ba.

Ƙanen ya hango shi da kayan aiki yana haki. "Yaya, wa ya rasu?"

"Ba kowa. Duba nan, aikinmu ɗaya ne ashe. Baƙi nake karɓa, baƙi kake karɓa, nawa dai a kwance suke zuwa."

Ƙanen ko kallon shafin bai yi ba. "Sai da littafi ya faɗa maka?"

Dariyar Baba ta tsaya. "Na yi kuskure, ƙanena. Ka yafe mini."

Ƙanen ya daɗe yana juya makulli a hannu, idonsa ya ciko. Sannan ya zagayo daga bayan teburin karɓar baƙi.

"Hau keken, Yaya, ƙafarka rawa take. Ni zan mayar da kai."