Kwano Biyu na Goggo, Kwano Uku na Inna

Ranar wata Alhamis a farkon damina, shekarar da nake aji huɗu na firamare, na dawo daga makaranta na tarar da mahaifiyata Inna da Goggo Ladi, yayar Babanmu, tsaye a ƙofar ɗakin girki, buhun kauɗa a tsakaninsu, kowacce ta ɗaure fuska. Washegari za a yi walimar saukar karatun yayana Sani a gidanmu na Roni. Goggo ta zo daga Gwiwa don ta riƙe girkin, domin ita ake kira duk inda za a ɗora babbar tukunya. Ɗanyen tumatir ya ɓace a kasuwa, saboda haka miyar gaba ɗaya ta dogara ga wannan buhu.

Mun san wahalar da aka sha kafin a cika shi. Da rani, idan tumatir ya yi yawa a lambun Baba, Inna ce ke yanka shi gida biyu, mu yara mu ɗauka a faranti mu shanya a kan faffaɗan dutsen bayan gida. A nan muke wuni muna carafke muna korar awaki da kaji, har sai yankan ya motse ya yi duhu, ya koma abin da ake kira kauɗa. Inna takan ce, "Wannan ita ce miyarku har kaka," don haka ba ta yarda a ɗiba da ganganci.

Goggo ta ce tukunyar walima kilo guda take ci, wato kwano biyu. Inna ta auna kwano biyu ta zuba a tire. Goggo ta leƙa ta girgiza kai ta ce, "Wannan ba zai yi ba, sai dai mu ba baƙi jan ruwa." Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, abin da kika faɗa na auna. In na ƙara, da me yaran nan za su ci tuwo?" Goggo na tsoron a ji kunya a gaban malamai, Inna na tunanin watannin da ke gaba, ga kuma surukuta ta hana su faɗa wa juna magana kai tsaye.

Baba ne ya shigo ya ce in ɗauko sikelinsa mai ƙugiya, wanda ya sayo a kasuwar Babura don awon gyaɗa. Mu yara mun riga mun saba da shi, domin babu abin da ba mu rataya masa ba, daga takalmin Yaya Sani har zakaran gida. Na ɗaure shi a reshen darbejiya, na juye awon Inna a leda na rataya, na karanta musu cewa bai kai kilo ba. Sai Goggo ta karɓi kwanon ta auna da kanta, tana zubawa tana dannawa da tafin hannu, kauɗar na kakkaryewa. Nata kwano biyun ya tsaya daidai kan kilo. Da na sake auna shi irin na Inna, a sake ba dannawa, sai ya cika kwano uku. Baba ya fara dariya, Goggo ta bi, Inna ta rufe baki da gefen mayafi.

Aka jiƙa kauɗar a ruwan zafi, aka wanke yashinta, ta kumbura ta cika roba, na kai markaɗe tare da tattasai da albasa. Miyar ta yi kauri, har malamin Yaya Sani ya nemi ƙari. Ragowar buhun ya kai mu kaka, ko da yake mun sha miyar kuka fiye da kullum a shekarar.

Yau ina zaune a Kazaure, kauɗa a ƙulle nake sayenta a leda, kuma ina da ƙaramin sikeli mai batir a ɗakin girki. Nakan ɗora, in karanta, in zuba a ruwa, shi ke nan. Inna da Goggo duk sun rasu, Allah ya jiƙansu. Awona ba ya kuskure yanzu, sai dai ni kaɗai nake yinsa.