Tafiyarmu Ceton Dinya

Bukan Sidi, biyar da minti goma

Ana idar da asuba muka tashi a motar haya: ni, da Malama Ladi mai nazarin tsuntsaye, da Ciyaman na ƙungiyarmu ta kare tsuntsayen ruwa, wanda har gobe bai san balbela daga zalɓe ba. Dinya biyu suka rage a wani tafki can gaba da Shabu. In Malama Ladi ba ta kai hotonsu ofishin hukuma ran Litinin ba, za a yanka bakin tafkin a raba wa masu shinkafa. Shekararta uku tana wannan fafutuka.

Shabu, shida saura kwata

Mun sha koko da ƙosai, ɗari biyar biyar. A shingen hanya wani jami'i ya karɓi madubin hangen nesanmu, ya leƙa ta baya, ya ce mu wuce, abin bai da ƙarfi.

Bakin tafki, bakwai da rabi

Kilomita shida na ƙarshe a acaɓa muka yi su. Awa uku muna tsugune cikin ciyawa, sauro na shagali. Kirinjijiya ta zo, zalɓe ya zo, dinya ko gashinta. Ciyaman kuwa yana gindin mangwaro yana waya.

Gidan mai unguwa, sha ɗaya

Aka kawo sakwara da farfesu mai baƙin nama. Ba zan ɓoye ba, ya yi daɗi, har ƙari na nema. Ciyaman ya miƙe da maiƙo a baki ya yi jawabi kan amanar halittun Allah. Da ya zauna, Malama Ladi ta tambayi mai unguwa inda dinyar take kwana.

Ya ce, "Madam, ai shi ne kuna ci. Oga Ciyaman ya kira jiya, ya ce manyan baƙi na zuwa, dinya suna so. Biyu ne kawai, duka mun kawo."

Ta tsame hannunta ta fita. Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa ido. Ciyaman ya ce mai aukuwa ta auku, a ƙulle masa sauran a leda.

Gida, uku da kwata

Muka sauke Malama Ladi a ƙofar gidanta. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa mai unguwa da ya karrama baƙi iya fahimtarsa. Masu shinkafa kuma su gode wa Ciyaman.