Gwiwar da na kai wa mai sakiya

Salamu alaikum 'yan uwa da abokai na wannan shafi.

Kun daɗe kuna tambayata, musamman ku matasa 'yan ƙwallo, me ya sami ƙafata ta dama da ba ta lanƙwasuwa. Kullum sai in ce haɗari ne, in canza zance. Shekara wajen hamsin ke nan ina kauce wa maganar, yau dai na gaji da kaucewa.

Lokacin da ake kiran ƙasar nan Dahomey, ni ne mai tsaron baya na wata ƙungiya a Parakou, lamba huɗu, ana mini kirari da Katanga. Ana ɗan biyanmu, in na ratsa kasuwa mahauta har tsire suke miƙo mini. Na ɗauka haka za a dawwama.

Sai gwiwa ta fara. In na buga wasa Lahadi, Litinin ta kumbura suntum. In huta mako biyu, in dawo, ta sake.

Ran nan kocinmu, Metir muke ce masa, ya ja ni gefe. Ya ce, "Bawa, kana wasa ɗaya kana jinyar uku. An ba ni labarin wani Idi a Djougou, zan je in gan shi."

Na san in na je asibiti hutun watanni za a rubuta mini, kafin in dawo an gama da ni. Sai wani direban motar goro ya ce ya san mai sakiya a Kolokondé, yana huda kumburi ruwan ya fita a take.

Na bi shi. Mai sakiyar, wani tsoho, ya sa tsinken ƙarfe a wuta har ya yi ja, mutum biyu suka danne ni. Ruwa ya fita, gwiwa ta saɓe, na yi ta sa masa albarka. Lahadin nan na buga wasan da har Metir ya rungume ni.

Laraba zazzaɓi ya kwantar da ni. Kafin Juma'a gwiwar ta fi da girma, tana zubar da mugunya, ko zani ya taɓa ta sai na yi ihu.

A kwance cikin motar kaya Baba ya kai ni asibiti. Likitan ya dubi hujin, ya dube ni, ya ce, "Wa ya yi maka wannan?" Aka ɗebi jini, aka yi hoton ƙashi. Da sakamako ya fito ya ce cuta ta shiga gaɓa tana neman ƙashi, in allura ba ta ci ta ba za su yanke daga cinya.

Daga nan rayuwa ta zama iri ɗaya. Da asuba a gwada zafin jiki. A buɗe ciwo a wanke, ina cizon matashi. Allurar penisilin safe, rana da yamma, har aka rasa inda za a soka. Warin ƙafata ni kaina ya dame ni.

Mutumin gadon kusa da ni an riga an yanke tasa. Yakan roƙi matarsa ta sosa masa tafin ƙafar da babu ita. Duk lokacin da na farka, abin da nake fara yi shi ne in ɗaga zani in duba. Na ji tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Baba ya karyar da huhunan goron da ya yi niyyar kaiwa arewa, ya biya magani. Bai taɓa yi mini faɗa ba. Sau ɗaya dai ya ce, "To, balon ta zo duba ka?" Balo muke ce wa ƙwallo a nan. Inna kuwa kullum a ƙafa take zuwa daga unguwarmu Kpébié da kunu, ko na sha ko ban sha ba.

Wata rana wani ƙaton saurayi ya shigo da lemo a hannu, yana ta sunkuyar da kai. Idi ne, an riga an ba shi rigata.

Ya ce, "Yaya, sannu da jiki. Jibi muna da maci da mutanen Cotonou. Ɗan gabansu mai ƙafar hagun nan, ya kake tare shi?"

Na juya fuska bango. Sai da ya kai ƙofa na ce, "Kada ka kalli balo. Kalli ƙugunsa."

Sau biyu aka shiga da ni tiyata ana kankare ƙashi. Bayan na biyun likita ya ce, "Ƙafa ta tsira, amma gwiwa ba za ta ƙara lanƙwasuwa ba." Inna ta yi ta hamdala, ni kuwa kuka na yi, har yau ban san na murna ne ko na baƙin ciki ba.

Da na fara takawa da sanda na lallaɓa filin wasa. Ina shiga na ji makaɗin ƙungiyarmu ya saki takena, jama'a na ihu, "Katanga! Katanga!" Na ɗaga sanda ina gaishe su. Ba wanda ya waiwayo. Idi ne ya ƙwace ƙwallo a can tsakiyar fili.

Na gode wa Allah da ya bar mini ƙafata. Allah Ya jiƙan Baba da Inna, Ya saka wa likitan nan da ma'aikatan da suka jure warina.

Ku kuma 'yan ƙwallo, in gaɓa ta kumbura ku je asibiti tun da wuri. Kada ku bari kowa ya huda ta a gida. In an ce ku huta, ku huta, ko da za a ba wani gurbinku.

Idi ma shekara uku ya yi gwiwarsa ta tafi, aka ɗauko wani daga Onklou. Yanzu Idi nan Parakou yake zaune. Juma'ar da ta wuce ni da shi muna ƙarshen sahu a masallaci, kowa a kan kujerarsa, don ba mai iya kai goshi ƙasa. Bayan sallama na tambaye shi wa ke lamba huɗu bana.

Ya yi tunani, ya ce, "Wallahi Yaya, ban sani ba."