Ghissa, Wanda Ya Ƙi Sauka a Kwatano

Duk wanda ya bi ta lambunan bayan garin Arlit da hantsi zai tarar da Baba Ghissa ag Amumun tsugune a bakin fangalin albasa. Kafin lokacin ya riga ya shayar da salati, ya tsinke tumatirin da ya nuna, ya ɗora butar shayi a kan gawayi. Motocin da ke kai ma'aikata ramin haƙar ma'adinai sukan wuce, direbobi su danna masa oda, shi kuwa ya ɗaga hannu ba tare da ya ɗago kai ba. Shekara goma sha tara yana wannan aiki. Ƙarshen watan nan zai miƙa lambun ga wani ya koma Timiya, garinsu da ke cikin duwatsun Azbin, don gwiwoyi sun ce ba su iyawa.

Mutanen garin nan mai lambu suka san shi, sai kuma rowar ruwa. Ka wanke hannu da fiye da rabin moɗa a gabansa, zai bi ka da kallo har ka ji kamar sata ka yi. Kaɗan ne suka san cewa wannan tsoho ya taɓa yin wata huɗu a kan teku ba hutawa. Ni na sani, don ni ne Rabi'u ɗan Muktari, malamin lakwal, wato makarantar boko, a nan Arlit, kuma saboda babana ya yi waɗannan watanni.

Zamanin Faransa ne, shekarar 1955. An gama yaƙin Indoshin, an sallami sojojinmu a Marsel ta ƙasar Faransa, an zuba su a jirgin ruwa zuwa Kwatano, inda za su hau mota su yi arewa. Babana da Ghissa runduna ɗaya suka yi. A can fagen yaƙi babana ya ga nakiyar da aka binne ta tashi da abokansa uku a kan wata 'yar hanya tsakanin gonakin shinkafa, shi yana taku biyar a bayansu. Tun daga ranar ya kasa taka ƙasa. A kan gadon ɗaukar marasa lafiya aka shigar da shi jirgi. Amma da ya ji ƙarfe a ƙarƙashin ƙafarsa, ruwa kuma a ƙarƙashin ƙarfen, inda babu mai iya binne komai, sai ya miƙe. Ya ci, ya sha, ya koma tsokanar mutane. Kowa ya ce ai Muktari ya warke.

A lokacin Kwatano ba ta da tashar da babban jirgi zai raɓa. Nesa yake tsayawa, a sa mutane cikin wani ƙaton kwando, inji ya sauke su cikin kwale-kwale, a kai su wata doguwar gadar ƙarfe da ta miƙe har bakin rairayi. Abin da ya faru ranar da suka iso, Malam Ahmudu ne ya ba ni labari, tsohon soja mutumin Tawa da ke gadi yanzu a Akokan, nan kusa da mu. Ya ce babana yana hango farin rairayin nan sai ya zauna daɓas ya rungume ƙarfen gefen jirgi. Ƙarti huɗu suka kasa ɓamɓare shi. Likitan jirgi ya zo ya duba, ya ce to babu yadda za a yi, a koma da shi Marsel a sa shi gidan masu taɓin hankali. Sojojin duk sun san gidan nan, kuma ba su taɓa jin baƙin mutum ya shiga ya fito ba.

Ghissa yana cikin kwandon, akwatinsa a kan cinya. Shekara huɗu rabonsa da mahaifiyarsa, wadda ba ta da wani ɗa namiji sai shi. Ya miƙe, ya ɗaga ƙafa ya fito. Ahmudu ya ce ya riƙo rigarsa ya tambaye shi ko shi ma kansa ya taɓu ne.

"Gora ɗaya muka sha ruwa ni da shi," in ji Ghissa. "In ka ga mai zuwa Agadas, ka ce a gaya wa uwata ina tafe."

Haka jirgi ya juya da su biyu. Ghissa ya sami babban kuku ya roƙa a sa su wankin tukwane da feren dankalin turawa. Ya sami likita, ya yi ta naci da ɗan Faransancinsa na bariki, har likitan ya gaji ya ce ya ba su zuwa biyu a Kwatano. In a na biyun Muktari bai sauka ba, magana ta ƙare. Da suka isa Marsel fasinjoji suka watse, aka wanke jirgi, aka yi lodi, sababbi suka shigo, su kuwa suna nan inda suke. Mutumin da ruwa mafi girma da ya sani a yarinta shi ne na rijiyar lambun ubansa, ga shi yana gama tafiya ɗaya yana ɗorawa da wata. Kuma kada wani ya ɗauka daɗi yake ji. Shi da kansa ya ce ba ranar da teku ta motsa bai mayar mata da abin da ya ci ba.

Duk da haka, in yana ba da labarin jirgin nan fuskarsa takan saki. Yakan tuna ƙamshin burodin da ake gasawa da safe, da ƙararrawar cin abinci, da matan kwamandoji da ke kwance a kujerun zane suna fifita, da ɗalibai 'yan Dahome da ke gardamar siyasa a bayan jirgi har su manta da abinci. Yakan tuna kifayen da ke tashi sama su faɗo a gabansa. Ya ce da ya ba da labarinsu a Timiya, shekara guda ana kiransa maƙaryaci.

Magani kuwa daga gida ya ɗauko shi. A hanyoyin dutse na ƙasarsu, in wuri ya yi haɗari, na gaba yakan taka, na baya ya sa ƙafa daidai inda ya ɗauke tasa. Sai Ghissa ya riƙa jiƙa ƙafafunsa a bokiti, ya yi tafiya a kan katakon jirgi, ya ce wa babana ya bi sawun kafin rana ta busar da shi. Ma'aikatan jirgi suka yi ta dariya. Da aka tsaya Dakar ya sauka ya ciko buhu da rairayi. Ranar farko tafi ɗaya ya zuba a bayan madafa, babana ya tsallake shi. Bayan kwana uku ya ƙara. Ya taka, ya bar sawu, ya tsaya gefe yana jira, wani lokaci tun daga azahar har la'asar.

Zuwan farko cikin biyun da likita ya ba su, babana ya shiga kwando, ya hau kwale-kwale, ya taka gadar ƙarfe har ƙarshenta. Nan ya tsaya. Ya dubi rairayi, ya fashe da kuka, ya ce wa Ghissa ya tafi abinsa, shi a mayar da shi. Ghissa ya ɗauki akwatunan biyu ya juya, suka sake hawa. Sati uku zuwa Marsel, sati uku dawowa, da buhu na biyu.

Kai ne, Baba Ghissa, ka cire takalmi a zuwan ƙarshe, ka sauka daga gadar nan kana danna ƙafa da ƙarfi don sawun ya fito sosai. Kai ne ka hana kanka waiwaye, don ka san in ka waiwaya zai ga tsoro a idonka. 'Yan dako suka tsaya suna kallon sojoji biyu, ɗaya na bin ɗaya a hankali, kansu a sunkuye. Babana ya sha gaya mana cewa bai san sanda ya bar sawun ba. Ƙamshin ƙosai ya ji, wanda rabonsa da shi tun barinsa gida, sai kawai ya tsinci kansa tsaye gaban mai tuya, Ghissa kuwa yana can gefe yana share ido da bakin rawani.

Ghissa ya raka shi har ƙofar gidanmu a Mirriya kafin ya yi arewa. Mutumin nan da ya kasa taka ƙasa noma ya yi shekara ashirin da tara, ya haifi mu takwas, ya rasu a ɗakinsa shekara uku da suka wuce. Duk kaka sai ya aika wa mahaifiyar Ghissa turmin atamfa da goro, amsa ta dawo cewa tsohuwa ta gode, tana sa albarka. Sai bayan shekara bakwai saƙo ya zo cewa Allah ya yi mata rasuwa. Babana ya zauna zaman makoki kwana uku.

Watan jiya ne Malam Ahmudu ya gaya mini sauran, yadda shi ma ya ji daga baya. Ranar da babana ya tsaya a ƙarshen gada yana kuka, akwai wani falke ɗan Agadas da ya tari Ghissa a nan da saƙo: tsohuwa tana kwance, tana kiran sunansa. Da saƙon nan a kunnensa ya ɗauki akwatunan ya koma jirgi. Sanda ya isa Timiya kwananta goma sha tara a ƙasa. Atamfofin nan na shekara bakwai, gwauraye da marayun garin Ghissa ya riƙa raba wa, don kada Muktari ya lissafa kwanaki ya gane abin da saukarsa ta ci.

Na kwana biyu ban iya cin abinci ba. Da na je lambu na tambaye shi, sai da ya gama zuba shayi, ya miƙo mini, sannan ya amsa da Hausarsa ta mutanen dutse.

"Uwata, in ka dawo tafiya, ba lafiyarka yake fara tambaya ba. Sai ya ce ina wanda kuka tafi tare. To, ɗana, da na zo ni kaɗai, me zan ce?"

Na tambaye shi ko bai taɓa yin nadama ba. Ya ce kullum yana yi, kuma da za a sake, haka zai sake.

Irin waɗannan mutane suna ƙarewa, kuma ina jin zafin haka. Garin nan cike yake da matafiya, daga Kano, daga Tawa, daga Damagaram, wasu sun nufi Assamakka da ke bakin iyaka, wasu an koro su daga can. Kowa sauri yake yi. Roƙona ga mai karanta wannan, in wanda kuka taso tare ya tsaya, kada ka ce za ka aiko masa da taimako in ka isa. Ka juya ka tsaya tare da shi.

Baba Ghissa, mai komawa don na baya, na gode. Mu takwas mun gode, da 'ya'yanmu ashirin da shida. Allah ya ba gwiwoyin nan hutu, ya jiƙan wadda ta haife ka.

Ranar Juma'a ni zan raka shi Timiya. Ya yi alkawarin kai ni kabarinta, in tsaya in gaya mata da bakina cewa wanda suka tafi tare ya isa gida.