Mijinyawa, Wanzamin da Bai Zama Nas Ba

Da an sallame sallar asuba a Sabo, unguwarmu ta Hausawa a ƙasar Yarabawa, za ka ga Mijinyawa ya hau kekensa ya gangara ta Mokola zuwa babban asibiti. Kakinsa ruwan ƙasa ne, ba fari ba, kuma a asibiti wannan bambancin ba ƙarami ba ne. Aikinsa wanke ciwo da ɗaure shi, da juya wanda ba ya iya juyawa. Ba a ce masa nas. Dresa ake ce masa.

Da can wanzami ne, ɗan wanzami, zabirarsa ta shiga kusan kowane gida a unguwar nan. A 1964 ya cire wa jaririyar wani ɗan goro beli, kamar yadda ya cire wa ɗaruruwa, jini ya ƙi tsayawa. Kafin azahar an binne ta. Kowa ya ce kwananta ne ya ƙare, har uban. Mijinyawa kaɗai ya ƙi yarda, ya rataye zabira ya shiga ajin yamma yana gwagwarmaya da Turanci, gemu-gemu da shi a tsakiyar 'yan makaranta. Mun yi masa dariya, ni ma ban fita ba.

Shekara uku yana wannan fama kafin ya ci jarrabawa. Hanya biyu aka shimfiɗa masa. Doguwar, shekara uku a makarantar nas, ya fito da farin kaki da sanin abin da ya sa jini ke ƙin tsayawa, wanda shi ne ya raba shi da gadonsa tun farko. Gajeriyar, wata shida a koya masa ɗaurin ciwo, ya zauna a ƙasa. Shekarunsa sun zo gaɓar da in ya bar doguwar a wannan shekarar, ba za a sake ɗaukarsa ba. Ya riga ya cike takardarta.

Sai yaƙin basasa ya ɓarke. Motoci suka fara sauke sojoji rabi da rai, da yawansu yaran Arewa da ba su jin komai sai Hausa. Ranar da ya kai takardar, wata sista Bayarabiya, babbar nas, ta janyo hannunsa zuwa wani gado, tana roƙonsa da Turancin buroka ya gaya mata abin da mai gadon yake cewa.

"Baba Sabo, abeg, wetin dis man dey talk?"

Kofur ne, sunansa Maharazu, ƙafarsa ta ruɓe har wari ya cika ɗakin, ya hana a yanke. An ɗauka tsoron wuƙa yake yi. Ashe ji ya yi ana ƙone abin da aka yanke tare da shara.

"Yayana, naman Musulmi ne," in ji shi. "Gara in tafi da ita kabari."

"A yanke," in ji Mijinyawa. "Ni zan binne maka ita da hannuna."

Ya naɗe ta cikin farin ƙyalle, ya ɗaura a bayan keke ya kai maƙabartar Sabo. Washegari ya karɓi takardar wata shida, domin ɗakin nan ba zai jira shi shekara uku ba. Mika'ilu mai haƙa kabari ya nuna mini layin ƙananan kaburbura a gefen katanga, ya ce duk ƙafafun da Mijinyawa ya binne ne, kuma masu su da yawa suna can garuruwansu da sanda, da ransu.

Kai ne bakin wanda aka kawo ba baki, Mijinyawa. Kai ne ka laƙƙana wa yaran mutane kalmar shahada da harshen uwarsu, ka rufe musu ido.

An gama yaƙi a watan Janairun bana. Ya koma neman doguwar hanya, aka duba shekarunsa aka ba shi haƙuri. Wannan abu ya yi mini ciwo, kuma na san ya fi yi masa. Ya koma ɗakin marasa lafiya, inda 'yan matan da ya nuna wa riƙon almakashi suke ba shi umarni yanzu.

Mun gode, Allah Ya saka maka. Ku kuma samari da 'yan matan Sabo masu takarda a hannu, ƙofofin nan biyu a buɗe suke gare ku, kuma har yau ba mu da nas ko ɗaya namu. Na tambaye shi wacce zai ce ku bi. Bai ɗago daga bandejin da yake naɗewa ba.

"Su bi doguwar," in ji shi. "Ni ina nan ina riƙe musu ɗakin har su dawo."