Kawu Ɗanjuma da Karen Aro

Duk wanda ya zauna da Kawu Ɗanjuma a kasuwar takalma ta Zhanxi Lu, can ƙasar waje, ya san da zarar bishiyar gurjiya ta fara zubar da jajayen furanninta, ba a ganinsa ran Lahadi. Sai ya hau jirgin ƙasa zuwa Panyu, ya yi hayar kwale-kwalen roba, ya bi gefen rafi yana kallon furannin daji, yana tsintar na gurjiya cikin buhu. Mutumin Yawuri ne, a ruwa ya tashi, kuma a wurinsa almubazzaranci ne a bar kayan miya suna ruɓewa.

Kwale-kwalen na mutum biyu ne, in babu nauyi a gaba sai hancinsa ya ɗaga. Duk shekara sai ya ce, "Habu, zo ka zauna min a gaba." Ni kuwa a Kano na girma, ruwan da na yarda da shi na bokiti ne. Da ya rasa kowa, sai mai hayar ya ara masa karensa, har da 'yar rigar ceto.

Alhaji Mudi, maƙwabcinsa a kasuwa, ya ga hoton Kawu da karen a waya. "Haba Ɗanjuma! Kare? Da furfurarka?"

"Ban taɓa shi ba, bai taɓa ni ba," in ji Kawu. "Kuma tunda muke bai tambaye ni farashin dala ba."

Tsofaffin matan unguwar ma suna tsintar furen. Wata ta tare shi a bakin ruwa tana nuna buhun, tana faɗa. Kawu ya zauna a kai, ya dube ta ya ce, "Meyo." Wato babu. Sai karen ya ja bakin buhun, fure ya watse.

"Ban ga laifinsa ba," ya ce mana. "Ɗan ƙasa ne."

Bara ya sake kirana. Na ce ina lodin kwantena, sai baɗi. Ya ce, "To, Allah ya kai mu." Ya tafi gida azumi, can ajali ya same shi.

Da na je sanar da mai hayar, ya ce Kawu kullum sandar tuƙi biyu yake karɓa, wai ko ɗansa, wato ni, zai biyo shi. Wallahi har yau abin yana ci min rai.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da abokan zama da suka fi ni amsa kira.